Yadda Ake Zaɓen Allon Zamiya Mai Yanka Kwana a Kan Gyararriyar Dusar Ƙanƙara

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi ƙasashen sanyi irin su Ostiriya, Faransa, Suwizalan, Turkiyya ko Kanada, har ya koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da allunan haya, ɗaya a kowace ƙafa, akwai lokacin da zai gaji da karɓar duk abin da mai shagon haya ya miƙo masa, ya fara tunanin mallakar nasa. Idan ya shiga shagon sayarwa kuwa, zai tarar da alluna jere a jikin bango, a idon baƙo duk kanwar ja ce, alhali kowanne da aikin da aka ƙera shi dominsa. Akwai na dusa mai laushi wadda ba a taka ba, akwai na tsalle-tsalle, akwai na hawan dutse da ƙafa. Wannan bayani ya taƙaita ne ga kashi ɗaya, wato allunan da aka yi domin gyararrun hanyoyi, gangaren nan da manyan motoci masu sarƙa irin su PistenBully da Prinoth suke bi cikin dare, su farfasa dusar, su danne ta, su bar ta da siraran layuka a jere kafin gari ya waye. A irin waɗannan hanyoyi ne yawancin masu zamiya suke yini.

Ya kamata a fara fahimtar abin da ake nufi da yanka kwana. Hanya biyu ce mutum yake juyawa a kan allo. Ta farko ita ce ya murza ƙafafunsa, wutsiyar allon ta share gefe tana watsa dusa, gudu ya ragu. Da haka kowa yake farawa, kuma ko gwanaye suna komawa gare ta idan hanya ta cunkushe da jama'a. Ta biyu ita ce ya karkata allon a kan bakinsa na ƙarfe, ya ɗora masa nauyi har ya lanƙwashe, allon ya bi lanƙwasarsa da kansa, wutsiya ta taka daidai inda kai ya taka. Wanda ya waiwaya bayan irin wannan kwana zai ga siraran layuka biyu a kan dusar, babu alamar shara. Siffar allon ce take kawo haka: faɗi a kai, faɗi a wutsiya, tsukakke a ƙugu kamar kalangu. Tun a 1868 Sondre Norheim, mutumin Morgedal a yankin Telemark na ƙasar Norwe, ya ci gasa a birnin da ake kira Oslo a yau da alluna masu ɗan tsukewa a tsakiya, amma sai da kamfanin Elan na Sulobeniya ya fito da allon SCX a farkon shekarun 1990 aka zurfafa tsukewar yadda mai zamiya na yau da kullum zai iya yanka kwana ba tare da gudun 'yan tsere ba. Kafin waɗannan shekaru su ƙare, dogayen alluna miƙaƙƙu masu kusan mita 2 sun fara ɓacewa daga shaguna.

Mataki na farko: ka auna kanka da gaskiya

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi nadamar allon da suka saya, sun saya ne wa gwanin da suke fatan zama nan gaba, suka manta da ƙafafun da suke da su a yau. Saboda haka kafin ka duba kowane allo, ka duba irin hanyar da kake bi hankali kwance. A Turai ana raba hanyoyi da launi, shuɗi da ja da baƙi, daga mafi sauƙi zuwa mafi wahala, Faransa kuma ta ƙara da kore na 'yan koyo. A Ostiriya shuɗiyar hanya ba ta wuce gangare na kashi 25 cikin 100, ja kuma ba ta wuce kashi 40, abin da ya haura haka baƙa ce. A Amurka da Kanada alamun su ne koriyar da'ira da shuɗin murabba'i da baƙin lu'ulu'u. Launin da kake iya gangarowa da kyar ba shi ne matsayinka ba. Wanda kake gangarowa kana iya sauya girman kwana yadda ka ga dama, shi za ka faɗa wa mai shago.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka nemi shuɗiyar hanya mai faɗi da sassafe kafin a tattake ta, ka yi kwana biyar ko shida ba tare da murza ƙafa ba, ka tsaya a gefe ka dubi sawunka. Idan ka ga layuka biyu sirara, ka fara yanka. Idan ka ga faffaɗan shafe kamar an goge wurin, har yanzu shara kake yi, kuma allo mai laushi mai haƙuri da kurakurai ya fi maka amfani, tare da 'yan darussa a wurin malamin zamiya, waɗanda za su fi sauya tafiyarka fiye da duk wani allo mai tsada.

Sannan ka san inda za ka fi zuwa. Gabashin Amurka, kamar jihar Bamont, an san shi da dusa mai tauri da ƙanƙara zalla. Hanyoyin tsaunukan Alps ma a farkon lokacin sanyi sun dogara sosai ga dusar da injina suke fesawa, ita kuwa ta fi ta sama nauyi da saurin daskarewa. Wanda mafi yawan zamiyarsa a rufaffen zaure take, kamar na Landgraaf a Holan ko Ski Dubai, gangarensa gajere ne, allo mai doguwar kwana ba zai sami filin buɗe jiki ba. A ƙarshe ka san nauyinka na gaskiya a kan sikeli, domin nauyi da gudu ne suke lanƙwasa allo, tsawon mutum yana bayansu.

Mataki na biyu: takalmi kafin allo

Idan kuɗinka ba zai isa duka biyu ba, ka sayi takalmi ka ci gaba da hayar allo. Yanka kwana aiki ne na ɗan motsin idon sawu da gwiwa, kuma idan ƙafa tana yawo a cikin takalmi, motsin yana ɓacewa kafin ya isa bakin ƙarfen. Ana auna takalmin zamiya da santimita na tsawon ƙafa, faɗinsa na gaba kuma yana kamawa daga wajen milimita 97 zuwa 104, mai faɗin ƙafa sai ya nemi na sama. Ka cire rigar cikin takalmin, ka sa ƙafarka a cikin ƙoƙon roba zalla har yatsu su taɓa gaba. Ratar da ta rage a bayan dunduniya kada ta wuce santimita 2. Akwai kuma lambar tauri, daga wajen 80 zuwa 130 ga manya, amma ba ma'auni ɗaya kamfanoni suke bi ba, 110 na wannan yana iya zama daidai da 120 na wancan. Ka gwada da siririyar safa guda ɗaya, kuma da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Mataki na uku: faɗin ƙugu

A jikin kowane allo za ka ga lambobi uku a jere, alal misali 122-72-106. Waɗannan su ne faɗin kai da ƙugu da wutsiya a milimita, kuma ta tsakiyar ce ta fi gaya maka inda allon ya dosa. Allunan gyararriyar hanya suna faɗawa ne tsakanin milimita 65 da 85 ko ɗan sama da haka. Dalilin tsukewar a fili yake: idan ƙugu siriri ne, bakin ƙarfen yana kusa da tsakiyar tafin ƙafarka, don haka ɗan karkata kaɗan ya isa ya kafa shi a cikin dusa, kuma sauyawa daga wannan baki zuwa wancan ba ta ɗaukar lokaci. Idan ya yi faɗi, sai gwiwa ta yi doguwar tafiya kafin bakin ya kama, kuma a kan ƙanƙara mai tauri ƙasan tana ƙoƙarin mayar da allon kwance, gwiwarka ce za ta sha wahalar hana shi.

Masu ƙugu 65 zuwa 70 dangin allunan tsere ne, suna kama ƙanƙara da ƙarfi, amma da rana ta yi, dusa ta taru tsibi-tsibi, sai su riƙa nutsewa suna tuntuɓe. Masu 80 zuwa sama sun fi natsuwa a dagulalliyar dusar la'asar, suna kuma jure 'yar sabuwar dusa da ta zubo a kan hanya, sai dai sun rasa wani abu na zafin nama. Kamfanin Head ya nuna wannan tsari a fili a jerin allunansa na Supershape, inda a shekarun baya-bayan nan e-Magnum yake da ƙugu 72, e-Rally 78, e-Titan kuma 84, gida ɗaya amma hali daban-daban. A ganina, wanda zai mallaki allo ɗaya tak kuma ba ya barin gyararriyar hanya, tsakanin 72 da 78 ne mazauninsa.

Mataki na huɗu: girman kwana

Nan ne ya kamata a tsaya a daɗe, domin wannan lamba ce take yanke hukuncin yadda yininka zai kasance. Idan aka ci gaba da zana lanƙwasar gefen allo har ta zagayo ta zama da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da gefenta shi ne radiyos, kuma ana rubuta shi a jikin allon da harafin R da adadin mita. Mita 11 zuwa 13 gajeriyar kwana ce, 14 zuwa 16 matsakaiciya, 17 zuwa sama doguwa.

Lambar da aka rubuta ita ce iyakar girman kwanar da allon zai yanka da tsabta, ba ita ce kwanar da zai yi a kullum ba. Gwargwadon yadda ka karkata shi, gwargwadon yadda zai ƙara lanƙwashewa kafin ƙugunsa ya taɓa dusa, kwanar kuma ta ƙara matsewa. A lissafi, allo mai radiyos 14 idan aka karkata shi digiri 45 zai yanka kwana ta wajen mita 10, idan aka kai digiri 60 kuma ta koma wajen mita 7, wato rabi. Abin da wannan yake nufi shi ne gwani yana iya tilasta wa dogon allo ya yi gajeriyar kwana saboda yana iya kwantawa sosai, amma mai matsakaicin ƙwarewa wanda karkatarsa ba ta da yawa zai tarar dogon allo yana miƙewa da shi zuwa bakin hanya, sai dole ya koma shara.

Ka tuna kuma cewa yankakkiyar kwana ba ta rage gudu yadda shara take yi. A kan allo mai radiyos 18 ko 19, bayan 'yan kwanoni a jar hanya za ka sami kanka cikin gudu mai yawa, kana cinye faɗin hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Dokokin hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, sun ɗora wa wanda ke tahowa daga sama alhakin kauce wa wanda ke gabansa, don haka a ranakun hutun makarantu, lokacin da hanya ta cika da yara a jere bayan malaminsu, irin wannan allo ba ya samun damar yin aikinsa. Shi kuma mai radiyos 12 yana son kwana a kai a kai, ba ya barin ka huta. Yana da daɗi ƙwarai na sa'a ɗaya ko biyu, amma cinyoyi suna gajiya, kuma idan aka sake shi a miƙe da gudu yakan riƙa kai-kawo a ƙarƙashin ƙafa.

Sunayen allunan suna taimakawa idan ka san karatunsu. Haruffan S da SL da ST suna nufin gajeriyar kwana, G da GS da LT doguwa: Atomic Redster S9 da G9, Rossignol Hero Elite ST da LT, Völkl Racetiger SL da GS, Stöckli Laser SL da GS. A tsakaninsu akwai irin su Redster X9 da Hero Elite MT da Laser SC, waɗanda aka yi domin haɗa biyun. Sai dai a yi hattara da duk allon da aka rubuta wa FIS a jiki, domin wannan na gasa ne na gaske. A gasar cin kofin duniya, allon doguwar kwana na maza ba ya gaza santimita 193, na mata 188, radiyos ɗinsu kuma ba ya gaza mita 30. Na gajeriyar kwana kuwa 165 ne ga maza, 155 ga mata, masu taurin da sai ƙafar da ta sha horo take iya lanƙwasawa. Ana samun su da araha a hannun 'yan tseren da suka gama da su, kuma arhar ce take yaudarar mutane.

Abu biyu kuma a lura da su. Radiyos yana ƙaruwa da tsawon allo ko da samfuri ɗaya ne, don haka ka karanta lambar da ke jikin tsawon da za ka saya, kada ka dogara da ta cikin talla. Wasu kamfanoni kuma, kamar Völkl da Fischer, suna haɗa lanƙwasa uku a allo ɗaya, gajeriya a wani sashe doguwa a wani, lamba ɗaya ba ta bayyana halinsa duka.

Mataki na biyar: tsawo

Ka tsayar da allon a gabanka. Kansa ya faɗa tsakanin haɓarka da tsakiyar kanka. Na gajeriyar kwana ana ɗaukar su gajeru, 155 zuwa 165 ga yawancin manya, na doguwar kwana kuma kusan daidai da tsawon mutum. Namiji mai tsawon santimita 175 da nauyin kilo 75, mai matsakaicin gudu, zai zauna lafiya da matsakaicin allo mai 167 zuwa 172. Wanda ya fi haka nauyi ko son gudu ya haura mataki ɗaya, marar nauyi ya sauko. Allunan da aka ware wa mata yawanci sun fi sauƙin nauyi da laushi, amma mace mai ƙarfi da gudu ba dole ba ne ta tsaya a kansu.

Mataki na shida: abin da ke cikin allon

Alluna biyu suna iya zama da lambobi iri ɗaya amma halinsu ya yi nisa da juna, saboda abin da aka shimfiɗa a cikinsu. Zuciyar allo mai kyau katako ce, sirara-sirara da aka manne. Ana haɗa mai nauyi da ƙarfi da mai sauƙi domin a sami daidaito. Masu araha sosai kumfar roba ake cusa musu, suna da sauƙin ɗauka amma ba sa daɗewa kafin su mutu, su daina mayar da martani. A sama da ƙasan katakon ana shimfiɗa zaren gilashi ko na kabon, sannan a allunan da suka fi ƙarfi a sa fallen ƙarfe mai suna Titanal, wanda kamfanin AMAG na Ostiriya yake yi, kuma asalinsa alminiyom ne da aka gauraya da wasu ƙarafa. Amfaninsa shi ne shanye karkarwa da hana allon murɗewa. Falle biyu suna ba da natsuwa a kan ƙanƙara da gudu, amma suna neman nauyi da ƙarfi daga mai hawa. Falle ɗaya, ko wanda aka yanka ya rufe wani sashe kawai, ya fi dacewa da marar nauyi da wanda bai daɗe da fara yanka ba.

Ka dubi gefen allon. Idan akwai miƙaƙƙen bango na roba mai tauri daga saman allo zuwa bakin ƙarfe, ƙarfin ƙafarka zai sauka kai tsaye a kan bakin. Idan kuwa fatar saman ce ta lanƙwaso ta rufe gefen, allon ya fi sauƙi da araha, riƙonsa a kan ƙanƙara kuma bai kai na farkon ba.

A cikin shago ka yi gwaji uku da hannunka. Ka haɗa tafin allunan biyu: za su taɓa juna a kusa da kai da kusa da wutsiya, su bar rata a tsakiya. Wannan doro shi ne yake danna kai da wutsiya cikin dusa idan ka taka, shi ne kuma yake tunkuɗo ka daga wannan kwana zuwa ta gaba. Allon gyararriyar hanya yana buƙatarsa kusan daga farko har ƙarshe, sai ɗan ɗagin kai kaɗan domin sauƙaƙa shiga kwana. Idan ka matse su ka ga kawunan sun rabu tun daga nesa, wannan allon wata hanya aka yi masa. Na biyu, ka kafa wutsiyar a ƙasa, ka riƙe kan da hannu ɗaya, ka danna tsakiya da tafin ɗaya hannun, ka lura ko yana lanƙwashewa bai ɗaya ko akwai inda yake ƙagewa. Na uku, ka matse allon tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kansa da hannu biyu. Wanda yake murɗewa cikin sauƙi zai saki bakinsa a kan ƙanƙara. Ka kuma dubi wutsiya: shimfiɗaɗɗiya mai kusurwa tana riƙe kwana har ƙarshe, tana hukunta wanda ya zauna baya, zagayayyiya mai ɗan ɗagi kuwa tana sakin kwana da wuri.

Mataki na bakwai: mariƙin takalmi

Yawancin allunan wannan aji ana sayar da su ne tare da mariƙinsu a kan wani faranti ko layi da aka riga aka kafa. Farantin yana ɗaga ƙafa sama kaɗan, yana ƙara ƙarfin karkatawa, yana kuma hana gefen takalmi goga dusa idan an kwanta sosai. Abin da za ka tabbatar shi ne tafin takalminka ya dace da mariƙin, domin takalma masu tafin GripWalk, wato tafin roba mai sauƙaƙa tafiya a ƙasa, suna buƙatar mariƙi mai ɗauke da wannan alama, ba kowane tsohon mariƙi yake karɓarsu ba. Lambar sakin ƙafa, wato ƙarfin da zai sa mariƙin ya saki takalmi idan mutum ya faɗi, wadda ake kira DIN, ana fitar da ita ne daga nauyi da tsawo da shekaru da tsawon tafin takalmi da irin tafiyar mutum. Ka zaɓi mariƙin da lambarka ta faɗa wajen tsakiyar ma'auninsa, ka bar ma'aikacin shago ya saita ya gwada da na'ura. Ƙara lambar da kanka domin kada allo ya rabu da ƙafarka, hanya ce ta tsinka jijiyar gwiwa.

Mataki na takwas: gwaji a kan dutse

Lambobi za su rage maka alluna su koma uku ko huɗu, daga nan sai ƙafa. Shagunan da ke gindin duwatsu suna ba da hayar sababbin samfura, suna barin a sauya allo a cikin yini, da yawansu kuma suna cire kuɗin hayar daga farashi idan ka saya. Ka tambaya tun kafin ka karɓa. Kamfanoni ma suna kafa rumfunan gwaji a farkon lokaci a wuraren da ƙanƙararsu ba ta narkewa, kamar Sölden da Hintertux a Ostiriya.

Ka yi gwajin da takalminka, a hanya ɗaya, domin kwatancen ya yi ma'ana. Kafin ka hau, ka goga bayan farcenka a bakin ƙarfen. Idan bai kankare farcen ba, allon ya dakushe, kuma hukuncin da za ka yanke a kansa zalunci ne. Ka fara da tafiya a hankali a wuri marar gangare sosai, ka karkata idon sawu kawai, ka ji ko kan allon yana ja ka cikin kwana ko sai ka lallashe shi. Allon da ba ya amsawa sai an yi gudu ya fi ƙarfinka a yanzu. Daga nan ka yi gajerun kwanoni, ka yi dogaye, ka ga wanne yake so da wanne yake ƙi. Ka nemi wurin da yake cikin inuwa inda dusar ta goge tana ƙyalli, ka taka bakin allon da ke wajen kwanar da ƙarfi a kai: mai kyau zai yi ƙara siririya ya ci gaba da bin layinsa, marar riƙo zai yi karkarwa, ka ji ta har haƙoranka, ya zame gefe. Sai ka ƙara gudu a fili marar jama'a ka dubi kawunan allunan, ko suna kwance a kan dusa ko suna kaɗawa. Ka kuma share kwana da gangan, ka ja birki kwatsam, domin allon da ba ya yarda a share shi haɗari ne a hanyar da yaro zai iya gilmawa gabanka.

Kada ka yanke hukunci da safe kawai. A kan sabon gyara na ƙarfe tara kowane allo gwani ne. Ka koma kan biyun da suka fi burge ka bayan ƙarfe biyu na rana, lokacin da hanya ta dagule, tsibin dusa a nan, ƙanƙara a can, cinyoyinka kuma sun fara nauyi. Wanda ya bar ka kana tsaye a tsakiyarsa a wannan lokaci, ba ya jefa ka baya, shi ne naka, ko da ɗayan ya fi shi suna da kyan fenti. Ka rubuta abin da ka ji a waya a kan kujerar da take ɗaukar masu zamiya zuwa saman dutse, domin bayan allo na uku tunanin yana cakuɗewa. Idan allon Elan ne mai fasahar Amphibio, ka duba alamar hagu da dama kafin ka sa, saboda gefensa na ciki da na waje ba iri ɗaya ba ne.

Mataki na tara: saye da wasa baki

Farashi yana sauka daga watan Maris zuwa Afrilu, sannan a farkon kaka ana karya kuɗin samfurin bara, wanda sau da yawa fenti ne kawai ya raba shi da na bana. Idan na hannu za ka saya, ka haɗa tafinsu ka ga doron bai mutu ba kuma biyun sun yi daidai, ka duba kaurin bakin ƙarfen domin kowane wasawa yana cinye shi, ka nemi tsagewa ko ɓanɓarewar fata a kai da wutsiya, da rami mai zurfi a tafi kusa da baki. Ka tambayi shekarun mariƙin, saboda shaguna, musamman a Amurka, ba sa taɓa wanda kamfaninsa ya cire daga jerin waɗanda yake lamuncewa.

Sabon allo ma yana buƙatar a duba bakinsa. Kusurwa biyu ake wasawa: ta ƙasa, wadda take tsakanin rabin digiri da digiri 1, da ta gefe, daga digiri 1 zuwa 3, wadda a Turai ake rubutawa 89 zuwa 87. Ƙaramar kusurwar ƙasa tana sa bakin ya kama da wuri, babbar kusurwar gefe tana ƙara cizo a kan ƙanƙara amma tana saurin dakushewa. Ga mai zamiyar nishaɗi, digiri 1 a ƙasa da 88 a gefe mafari ne mai kyau. Ka sa ma'aikacin ya rubuta maka abin da ya yi domin a maimaita shi a wasawa ta gaba. Ka riƙa goge bakin da tsumma duk yamma don gudun tsatsa, ka sa a shafa wa tafin kaki da zarar ya fara yin fari-fari a gefe, idan lokacin sanyi ya ƙare kuma a shafa kakin da kauri ya rufe har bakin ƙarfen, a ajiye allunan a busasshen wuri ba tare da an matse tsakiyarsu ba.